Daga Takarda zuwa Aiki: Nazari a kan Manyan Ayyukan Raya Ƙasa da Aka Tsara a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun daga samun mulkin kai a 1960, kowace gwamnati da aka yi a Nijeriya takan fito da jerin manyan ayyukan da take da niyyar yi. An yi Shirin Raya Ƙasa na Farko (1962-1968), da na biyu (1970-1974), da na uku (1975-1980), da na huɗu (1981-1985). A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da wani tsari na shekara 30 na samar da ababen more rayuwa. Da aka sake masa fasali a 2020, an ƙiyasta cewa zai ci dala tiriliyan 2.3 kafin 2043. A ɗaya ɓangaren kuma, wani kwamitin shugaban ƙasa ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a kammala ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matakan da babban aiki ke bi daga takarda zuwa amfanin jama'a, tare da nuna inda yakan maƙale. An ɗauko misalai daga sassa huɗu: sufuri da makamashi da ruwa da lafiya.

2.0 Matakan Aiki da Kalmomin da Ke Nuna Su

Babban aikin gwamnati yakan bi matakai biyar:

(a) nazarin yiwuwar aikin da tasirinsa ga muhalli, kamar yadda dokar 1992 ta tanada;
(b) amincewar hukuma da bayar da kwangila, bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007;
(c) samo kuɗi, ta hanyar kasafi ko rance ko haɗin guiwa da 'yan kasuwa;
(d) biyan diyyar filaye da aza harsashi da gini;
(e) buɗe aikin, da gudanar da shi, da kula da shi.

Ya kamata a lura cewa a Hausar labarai kalmar "ƙaddamarwa" tana ɗaukar ma'ana biyu. A watan Fabrairu na 2021 an "ƙaddamar" da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wato an aza harsashinsa. A watan Yuni na wannan shekarar an "ƙaddamar" da na Legas zuwa Ibadan, wato an buɗe shi jirgi ya fara jigila. Haka kuma "an ware kuɗi" na nufin an rubuta su a kasafi, "an saki kuɗi" kuwa na nufin sun isa hannun ma'aikata ko ɗan kwangila. Mai sauraron da bai bambance waɗannan ba zai ɗauki alkawari a matsayin aikin da aka gama.

3.0 Sufuri: Matsalar Kuɗi

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a kan ƙaramin dogo mai faɗin milimita 1,067. Burin gwamnatocin baya-bayan nan shi ne shimfiɗa babban dogo mai faɗin milimita 1,435 daga Legas zuwa Kano. An ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar aikin gaba ɗaya a 2006 a kan dala biliyan 8.3, amma rashin kuɗi ya sa aka dakatar da shi, daga baya aka yanka shi gunduwa-gunduwa. An buɗe Abuja zuwa Kaduna (kilomita 186) a 2016, sannan Legas zuwa Ibadan (kimanin kilomita 157) a 2021. Dukkansu biyu da rancen Bankin Exim na Sin aka gina mafi yawansu.

Gunduwar Kaduna zuwa Kano (kilomita 203) ta nuna abin da ke faruwa in rance ya yi jinkiri. An aza harsashinta a watan Yuli na 2021, rancen da aka sa rai daga wancan banki bai samu ba, sai aka koma ga Bankin Raya Ƙasa na Sin, wanda ya saki kason farko a farkon 2025. Shi kuwa layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, an tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amfaninsa na haɗa Jamhuriyar Nijar da tashoshin jiragen ruwa na Legas ba zai cika ba sai an haɗe Ibadan da Abuja, da kuma Kaduna da Kano. Layin Itakpe zuwa Warri ma abin lura ne: an fara shi a 1987 domin jigilar tama da gawayi ga masana'antun ƙarafa, ba a buɗe shi ba sai a 2020, wato bayan shekara 33.

Ta fuskar hanyoyin mota, an buɗe gada ta biyu a kan kogin Kwara, tsakanin Asaba da Anaca, a 2023. A 2024 kuma aka fara babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai kimanin kilomita 700, da ta Sakkwato zuwa Badagiri, mai kilomita 1,068. Ayyuka ne da wa'adin gwamnati ɗaya ba zai ishe su ba, don haka makomarsu tana hannun kasafin gwamnatocin da za su biyo baya.

4.0 Makamashi: Shari'a da Rauni a Tsakiyar Sarƙa

Wutar lantarki sarƙa ce mai zobe uku: samarwa, da dakonta a kan manyan layuka, da rarraba ta zuwa gidaje. Dam ɗin Kainji (1968) da Jebba (1985) da Shiroro (1990) da Zungeru (2023) duk suna cikin zobe na farko. Mafi girman abin da aka tsara a wannan fanni shi ne aikin Mambila a Jihar Taraba, mai ƙarfin megawat 3,050. Tun shekarun 1970 ake maganarsa. An ba da kwangilarsa a 2003, aka sake ba wasu kamfanonin Sin a 2017 a kan kusan dala biliyan 5.8. Kamfanin farko ya kai ƙara gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci da ke Faris, kuma masu ba da rance ba sa sakin kuɗi a kan aikin da ke gaban shari'a. Har zuwa ƙarshen 2024 ba a fara ginin dam ɗin ba.

Ko da an gina Mambila, matsalar ba ta ƙare ba. Injinan da ke ƙasar suna da ƙarfin samar da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,500, saboda ƙarancin iskar gas da raunin layuka da bashin da ya yi wa harkar katutu. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens a 2019 ta sa burin kai wa megawat 7,000 a 2021, da 11,000 a 2023, da 25,000 a 2025, amma ba a cim ma ko matakin farko a kan lokaci ba. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu wuta. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda aka fara a 2020, an tsara shi ne domin a riƙa samar da wuta kusa da masu amfani da ita, sai dai an ɗage ranar kammala shi fiye da sau ɗaya.

5.0 Ruwa: Na Sama da Na Ƙasa

An kafa hukumomin raya koguna a 1976, kuma a wancan zamani aka gina manyan madatsun ruwa irin su Tiga (1974) da Bakolori (1978). Darasin da aka koya shi ne, ruwan da aka tare a sama raguwa ne ga na ƙasa. Dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, a Jihar Bauchi, ya tsaya shekara da shekaru. Baya ga rashin kuɗi, akwai adawar manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru, da na jihohin Yobe da Borno, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga malalar kogin.

Wani lokaci kuma rashin ginawar ne ke jawo hasara. Kamaru ta kammala dam ɗin Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982. An tsara gina wani a Dasin Hausa, cikin Jihar Adamawa ta yau, domin ya tare ruwan da ake saki daga can, amma ba a gina shi ba. A 2012 da 2022 ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin ruwan Lagdo, aka yi ambaliyar da ta ci ɗaruruwan rayuka. Ɓallewar dam ɗin Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta sa ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ta nuna cewa mataki na biyar, wato kulawa, bai fi sauran sauƙi ba.

6.0 Lafiya: Gini ba Shi ne Asibiti ba

A bisa tsarin da ake bi, asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya ne, manyan asibitoci na jihohi, cibiyoyin lafiya na matakin farko kuwa na ƙananan hukumomi 774. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma bai shiga kasafi ba sai a 2018. A 2017 an sanar da shirin farfaɗo da cibiyoyi 10,000. A ƙarshen 2023 kuma aka sanar da wani na ninka cibiyoyin da asusun ke tallafa wa daga kimanin 8,800 zuwa 17,600 kafin ƙarshen 2027.

A wannan fanni gini shi ne mafi arha. Abin da ke mai da gini asibiti shi ne ungozoma da malamin jinya da magani da albashin da ke zuwa kowane wata. Nan ne kuma sauran sassa uku ke haɗuwa. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka sai da wuta. Ɗakin haihuwa sai da ruwa mai tsabta. Mai naƙudar da ta gagari ƙaramar cibiya sai da hanyar da mota za ta bi da ita. Manyan asibitoci ma ba su tsira ba: daga watan Oktoba na 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya yi fiye da wata uku a yanke daga layin wuta saboda bashi.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ayyukan da aka tsara sukan maƙale a wurare huɗu: jinkirin kuɗi, da shari'a ko saɓanin al'ummomi, da rashin aikin da zai cikasa su a wani sashe, da rashin kulawa bayan buɗewa. Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi ikon shiga harkar lantarki da jiragen ƙasa, ya ƙara yawan masu tsara ayyuka, amma bai kawar da ko ɗaya daga waɗannan matsaloli ba.

Saboda haka, duk lokacin da aka sanar da sabon aiki, tambayoyi huɗu sun wajaba: A wane mataki yake? Daga ina kuɗinsa za su fito, kuma an sake su? Wane aiki ne dole a gama kafin wannan ya yi amfani? Wa zai biya kuɗin gudanar da shi bayan biki? Ga masu fassara da masu rubuta labarai da Hausa kuwa, ya dace a riƙa cewa "an aza harsashi" idan farawa ake nufi, da "an buɗe" idan an gama, domin rancen da aka ciwo jama'a ne za su biya shi, kuma suna da haƙƙin sanin inda aka kwana.