'Yan ci-rani a gonakinmu: wa ke karya kuɗin ƙwadago?

Da zarar an gama tattara gero da dawa, sai mu fara ganin baƙin fuskoki a sahun sallar Asuba a masallatan Dambatta, Makoda, Kunchi da Bichi. Yawancinsu matasa ne daga Magarya, Matamaye da sauran garuruwan Damagaram a Jamhuriyar Nijar, sun zo ci-rani. Wasu su kama ga-ruwa ko teburin shayi, wasu dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, wasu kuma aikin lambu a gefen madatsar ruwa ta Watari a Bagwai da ta Tomas. Tare da zuwansu ake jin ƙorafin da muka saba ji a majalisa: baƙi sun karya kuɗin aiki.

Bai kamata a yi watsi da ƙorafin ba. Ƙasarmu cike take da jama'a, gonaki kuma kullum ƙara tsukewa suke yi saboda rabon gado. Magidancin da amfanin gonarsa ba ya kai shi wata damina, da ƙwadago yake cike giɓin. Idan masu neman aiki sun yi yawa a bakin lambu, shi ne na farko da zai ji a jikinsa.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Tumatir da ya nuna ba ya jiran kowa, kuma samarinmu da yawa su ma sun tafi nasu ci-ranin Legas da Abuja. Hannun baƙo ne ke ceto amfanin da zai ruɓe. Abin da ya samu kuwa, wani kaso a nan yake kashe shi: wurin mai abinci, mai hayar ɗaki da mai shago. Mun ga abin da rashin zirga-zirga ke jawowa sa'ad da aka rufe kan iyaka a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar: ciniki ya ja baya a ɓangarorin biyu, har aka buɗe a watan Maris na 2024. Korar baƙi da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a 1983 ma ba ta warkar da tattalin arzikin da faɗuwar farashin mai ta raunana ba.

Tarihin Madina ya ishe mu darasi. Bukhari ya ruwaito cewa Ansar sun nemi Manzon Allah (SAW) ya raba gonakinsu na dabino tsakaninsu da Muhajirai, bai amince ba, sai aka daidaita a kan aiki da raba amfani. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa, da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, hanyar kasuwa kawai ya nemi a nuna masa. Baƙin ba su zama nauyi ba, domin an buɗe musu ƙofar nema a kan sharaɗi bayyananne.

A nan ne matsalarmu take. Baƙon da ba shi da dangi a gari, bai san farashi ba, kuma yana tsoron kai ƙara, shi ake yi wa tayin abin da ba za a iya furta wa ɗan gari ba. Ashe mai gonar da ya ci da raunin baƙo shi ne ya karya kuɗin ɗan'uwansa na gida. Wani ma sai a gama aiki ya ce a dawo bayan kasuwa, alhali ya san mutumin yana haramar komawa gida. A hadisin ƙudusi na Bukhari, mai cinye ladan ɗan ƙwadago bayan ya gama masa aiki yana cikin mutum uku da Allah zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama.

Saboda haka, a yanke jinga kafin a ɗauki fartanya, kamar yadda malaman fiƙihu suka sharɗanta sanin lada a babin ijara. Aiki ɗaya, kuɗi ɗaya, ga baƙo da ɗan gari. Masu unguwanni da limamai su san baƙin da ke cikinsu, su saurari kokensu. Mu tuna cewa 'ya'yanmu ma baƙi ne a garin wasu. Allah Ya azurta mu da halal, Ya kare mu daga cin gumin bayinsa.