Funtua: Garin Auduga Da Ake Yanka Wa Farashi Daga Nesa

A birnin New York na Amurka, inda aka kafa kasuwar hada-hadar auduga tun 1870, 'yan kasuwa kan tsayar da farashin audugar da ko shukawa ba a yi ba tukuna. Abin da suka tsayar kuwa yakan ƙetare teku har ya iske manomi a Funtua, a kudancin jihar Katsina ta Nijeriya.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Funtua. Ƙasar Maska ta daɗe da sanin kaɗi da saƙa, amma garin bai bunƙasa ba sai da masaƙun Ingila suka matsu da neman auduga. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta yaɗa irin Amurka mai suna Allen, ta kuma kafa injin gurza a garin. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtua, sai baƙi suka yi ta kwarara: 'yan kamasho, leburori, masu awo a fuloti.

Daga 1949 hukumar cinikin auduga ce ke yanka farashi. Manoma sun sha kukan cewa tana tauye su, to amma dai sun san kuɗin kayansu tun kafin su kai fuloti. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki a 1986, sai manomi ya tsinci kansa yana gogayya da takwaransa na Texas, wanda gwamnatinsa ke tallafa wa. Kan irin wannan tallafi ne Mali da Burkina Faso da Benin da Chadi suka kai kuka gaban ƙungiyar ciniki ta duniya a 2003.

Ko da farashi ya haura dala 2 kowace laba a New York a 2011, manyan masaƙun Kaduna da ke sayen kaɗar Funtua sun riga sun rufe, saboda tsadar wuta da atamfar fasa-ƙwauri. Manoma da dama sun koma masara da waken suya, wasu kuma a yankunan Faskari da Sabuwa 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu.

A 2024 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtua, domin sauƙaƙa fitar da kaya zuwa ƙetare.