Fitilar Iskar Taya da Mai Shiga Daji da Mota

A gaban direban jif ta zamani akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar tukunya, da alamar motsin rai a tsakiyarta. Ta nan ne na'urar da ke sa ido a kan iskar taya, wadda masu gyara ke kira TPMS, take yi wa direba magana. Wanda harkarsa ba ta wuce kwaltar cikin gari ba yana iya shekara bai ga ta kama ba. Amma mai kai kayan rijiyar burtsatse ƙauye, ko mai ɗaukar ma'aikatan rigakafi ta cikin yashin Yusufari, ko mai ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku, idan motarsa na da wannan na'ura, to shi da fitilar nan sun zama kamu-kamu. Wasu sun gaji har sun sa an liƙe ta da baƙin salatif. Wasu kuma sun biya an canja musu sensa huɗu na cikin tayoyin alhali ba ko ɗaya da ya lalace. Dukansu sun tsallake tambaya ɗaya: da aka kunna motar, fitilar tsayawa ta yi cak, ko kuwa sai da ta yi ta ƙyaftawa?

Amsar wannan tambaya rabin gyara ce. Idan fitilar ta kama ta tsaya, na'urar lafiyarta ƙalau, cewa take yi wata taya ba ta da isasshiyar iska. Idan kuwa ta ɗauki kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi tana ƙyaftawa sannan ta tsaya, kuma ta maimaita haka duk lokacin da aka tayar da motar, to kukan kanta take yi: ta daina jin ɗuriyar ɗaya daga cikin sensocinta, ko wani abu ya samu mai karɓar saƙon. Matsala ta farko ta geji ce da iska. Ta biyu ce kawai ke buƙatar mai wayarin.

Ba don ado aka sa wa mota wannan na'ura ba. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan jif ɗin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motocin suna kifewa. Matsalar ta fito da wuri a ƙasashe masu zafi irin Saudiyya da Benezuwela, sannan a Amurka aka danganta ta da mutuwar mutum fiye da 200. A watan Agustan 2000 kamfanin ya janye taya miliyan 6.5 daga hannun jama'a. Ƙarancin iska da zafin hanya suna cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. A shekarar ce majalisar Amurka ta yi dokar da ta kai ga cewa daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota sai da wannan na'ura. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan dukkan sababbin motocin fasinja daga Nuwamban 2014. Shi ya sa kusan duk 4Runner ko Highlander ko Lexus GX da aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano ko Legas take zuwa da ita, alhali tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ta aikin daji ba ta ma san da zamanta ba.

Dokar Amurka ta ce fitilar ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da kamfanin motar ya ƙayyade. A nan mai shiga daji yake karo da ita. Duk direban da ya san yashi ya san ba a shigarsa da taya a cike tam. Ana sace iska don tayar ta baje, ta kwanta a kan yashin maimakon ta tona shi, kuma galibi akan sauko wajen psi 15 zuwa 20. To motar da aka rubuta mata 32, fitilarta za ta kama ne a wajen 24. Ka sauko 18, dole ta kama, kuma gaskiyarta. Babu abin gyarawa.

Haɗarin yana can gaba, inda yashi ya ƙare aka hau kwalta. Direba ya wuni yana kallon fitilar a kunne har idonsa ya saba, rana ta yi, garin da ake samun mai faci da sauran nisa, sai ya ce bari ya lallaɓa. Daga lallaɓawa sai allurar gudu ta kai ɗari. Tayar da ba ta da iska gefenta lanƙwashewa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, wannan kuma zafi yake haifarwa, ga na kwaltar watan Afrilu a kai. Zaren da wayar da ke cikin tayar su fara rabuwa da roba. Ba lallai ta fashe a ranar ba. Tana iya ɗaukar ciwon ta ajiye har sai ranar da aka cika motar da iyali. A ganina duk wanda zai riƙa sace iska don shiga yashi, ƙaramin injin ba da iska mai aiki da batirin mota ya fi masa manyan fitilun ƙawa muhimmanci. Bayan an mayar da iskar kuma a yi haƙuri: motoci da dama sai an cika tayar daidai adadin da aka rubuta, an yi tafiyar 'yan mintoci, sannan fitilar ke mutuwa.

Idan ba ka sace iska ba amma fitilar ta kama ta tsaya, ruwa ba ya tsami banza. Ɗauko geji. Ba a gane iskar tayar zamani da ido ko da harbin ƙafa, domin tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ta ci gaba da kama da lafiyayya. A auna da safe kafin motar ta motsa, kuma adadin da za a bi shi ne wanda ke kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Masu mota 'yan Nijar su tuna gejinsu yawanci da bar yake magana, bar 1 kuwa psi 14.5 ne.

Taya huɗu duk daidai, fitila ba ta mutu ba? Leƙa ƙarƙashin motar ko bayanta. A wasu shekarun 4Runner da Land Cruiser da GX 470 da Jeep Wrangler, safaya ma tana da nata sensan. Tana rataye can cikin ƙura shekara biyu ba wanda ya waiwaye ta, iskarta na zurarewa a hankali, har ta faɗa ƙasa da iyaka. Mutane da yawa sun yi ta zarya wajen masu wayarin a kan abin da iskar minti biyu za ta warware.

Sai hunturu. Iskar taya tana raguwa da kusan psi 1 duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6. Tayar da aka ba iska da azahar tana da zafi, idan ta kwana a sanyin asubar Janairu, tana iya wayar gari ta rasa psi 3 ko 4. Fitilar da ke kamawa da asuba ta mutu da hantsi tana gaya maka ne cewa iskarka a bakin iyaka take. Idan kuma taya ɗaya ce ke yawan sauka, a bi ta da ruwan sabulu. Ban da ƙusa da ƙayar aduwa, a duba leɓen taya inda ya haɗu da rim, domin tafiya da ƙarancin iska tana ba yashi da taɓo damar kutsawa wurin, su bar 'yar kafar da iska ke bi.

Akwai wani tarko a motocin Toyota da Lexus da ya kamata a sani. Da yawansu suna da maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ko a cikin jerin saitin allon gaba, wanda idan an danne shi har fitilar ta ƙyafta sau uku, motar za ta ɗauki iskar da ke cikin tayoyin a wannan lokacin a matsayin daidai. Ka danna shi bayan yaron mai faci ya dura maka 50, daga baya ka rage zuwa 32, fitila za ta kama alhali tayarka lafiya lau. Ka danna shi kuma tayoyi na a sace, ka koya wa na'urar yin shiru a kan abin da aka sa ta ta faɗa. Ba a taɓa shi sai an daidaita iska da sanyin safiya.

Yanzu ga mai ƙyaftawa. A yawancin jif, kowace taya tana da ɗan sensa a cikinta, manne da gindin bawul, girmansa bai kai kwalin ashana ba. Yana auna iska ya aika wa motar ta rediyo. Batirinsa a rufe yake ruf cikin roba, ba a yi shi don a canja ba, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Lissafin a fili yake: motar da aka ƙera a 2010, ta gama yawonta a Amurka sannan ta iso Kano, in sensocinta na asali ne, ko sun mutu ko suna gargara. Alamar mai gargara ita ce ya yi aiki yau, gobe ya ɗauke, musamman da sanyi. Motar kuma takan ɗauki har minti 20 ana tafiya kafin ta tabbatar ta rasa shi, shi ya sa ƙyaftawar kan fara bayan an fita gari. Mai gyaran da ya san aikinsa yana da 'yar na'urar da yake karawa a gefen taya kusa da bawul, ta tashi sensan ta karanto lambarsa da iskarsa da ƙarfin batirinsa. Cikin minti biyar za a san wanne ne ya yi shiru. Wanda ya ce a canja duka ba tare da ya yi wannan gwajin ba, canki-canka yake yi da kuɗinka. Sai dai in gwajin ya nuna tsufa ne ya kashe ɗaya, sauran ma sa'o'insa ne.

Bayan tsufa, babu abin da ke kashe sensa kamar wurin faci. Tsaya ka kalli yadda ake raba taya da rim a bakin titi: a kwantar da ita, a ɗora ƙarfen danne leɓe, yaro ya hau da nauyinsa har leɓen ya faɗa ciki, sannan a zura liba a ɓanɓaro. Idan ƙarfen ya sauka daidai saitin bawul, abin da ke ƙarƙashinsa sensa ne, kuma ƙas ɗaya ya ishe shi. Ba mugunta ba ce, da yawa ba su san yana wurin ba. Maganar daƙiƙa goma ce: "Malam, akwai sensa a gindin bawul ɗin nan, don Allah a danne ta ɗaya gefen." Galibi amsar ita ce, "To Alhaji, an gama," kuma za a kiyaye. Haka idan taya ta yage a daji aka ce a sa mata tub don a samu a fita, dole a cire bawul ɗin tare da sensansa. Karɓi abinka ka sa a aljihu, kada a bar shi a ƙasa.

Bawul ɗin alminiyom na da nasa sharaɗi. Idan aka sa masa 'yar allurar ciki ta tagulla, ko murfin ƙarfe mai ƙyalli, ƙarafan biyu sukan ci juna, balle motar da ke ratsa ruwa da taɓo da damina. Ranar da aka zo kwancewa sai bawul ɗin ya karye, iska ta tafi gaba ɗaya. Murfin roba mai arha shi ne daidai. Ruwan like huji da ake durawa cikin taya shi ma yana iya toshe 'yar kafar da sensa ke jin iska da ita.

Wanda zai sayi sabon sensa ya kula da abu biyu. Na farko zangon rediyo: galibin tsofaffin motocin Amurka suna kan megahaz 315, na Turai 433, kuma mota iri ɗaya tana iya sauya zango daga shekara zuwa shekara. A bi lambar da ke jikin tsohon. Na biyu, kowane sensa yana da lambarsa da sai motar ta san da ita. Jeep takan koyi sabuwa da kanta bayan tafiyar minti 10 zuwa 20. Yawancin Toyota kuwa sai an jona kwamfuta ta kafar da ke ƙarƙashin sitiyari an shigar mata da lambobin. Wannan ne ke kama masu sayen manyan rim na daji: tsofaffin rim suna gida da sensocinsu, motar na ta neman su. Wani lokaci har fitilar ta mutu idan an faka kusa da su, ta dawo bayan an yi nisa.

In sensoci duka suna amsawa amma ƙyaftawar ba ta daina ba, tambayi kanka me ka ƙara wa motar kwanan nan. Saƙon sensa rarrauna ne ƙwarai, kuma cajar waya mai arha, da dogayen fitilun LED na saman mota, da inbata, da wayar oba-oba, duk suna iya danne shi da hayaniyarsu. Araha ba ta ado. Cire su duka, yi tafiyar rabin awa, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu motocin, kamar Honda CR-V ta wasu shekaru da Volkswagen da dama, ba su da sensa a taya sam. Suna amfani da ma'aunin gudun ƙafa na birkin ABS, domin tayar da ta sace tana ɗan fin sauran saurin juyawa. Irin waɗannan sai an sake saita su duk lokacin da aka taɓa iska ko aka sauya wa tayoyi wuri, kuma taya ɗaya sabuwa cikin tsofaffi uku tana iya rikita su. Idan fitilar taya da ta ABS suka kama tare bayan an fito daga taɓo, a fara da wanke bayan ƙafafun a duba ko itace ya fizge waya.

Wanda aljihunsa bai kai sensa huɗu na asali ba, ko mai tsohuwar Hilux da ba ta zo da komai ba, akwai na ɗaurawa a bakin bawul a maimakon murfi, masu zuwa da ɗan allon da ake ajewa a gaban direba. Batirinsu ana canja shi, kuma kai kake saita iyakar da za su yi ƙara, abin da ya dace da mai sace iska. Aibinsu shi ne a waje suke, dutse ko kututture na iya tafiya da su, ga shi sai an kwance su duk lokacin da za a rage ko a ƙara iska.