Shin itatuwa ne ke shanye ruwan gonakin Matameye?

Da zarar rani ya tsananta, guga ya fara taɓo laka, sai tsohuwar magana ta dawo bakin mutane a Matameye: wai itatuwan da aka bari a gonaki ne ke zuƙe ruwan ƙasa.

Akwai gaskiya a ciki. Itace yana shan ruwa, gawo ma saiwarsa kan nutse ta kamo na can ƙasa lokacin rani. Amma binciken da aka wallafa a 2016 daga Sapone ta Burkina Faso, a gonakin kaɗanya, ya nuna ruwan sama ya fi ratsa ƙasa inda itatuwa suke jefi-jefi, fiye da inda suka cunkushe ko inda babu ko ɗaya. Haka gonakin Matameye, Magarya da Mirya suke tun da manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, bayan farin shekarun 1980. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya kishi da gero.

Masu zargin sukan kafa hujja da yankin Yamai, inda ruwan rijiyoyi ya hau bayan an sare daji. Hakan ya faru. Sai dai ruwan bai shiga gonaki ba: gangara ya yi zuwa tafkuna, ya nutse a can, ya bar manomi da zaizaya da kwazazzabai.

Maganar da ba ta da tushe ita ce wai jigawa ba ta bukatar rufi, tunda rairayi yana shanye komai. Duk wanda ya tsuguna a gonar da aka kwashe kara ƙaf, bayan ruwan farko, zai ga wani ɓawo siriri ya shafe fuskar ƙasa. Ɗigon ruwa ne ya daddake ta har ƙofofinta suka toshe. Ruwa na biyu zai bi ta kai ya wuce, a hankali wurin ya koma faƙo. Inda aka shimfiɗa karan gero da taki kuwa, gara, wadda kowa ke tsine wa, sai ta huda ramuka, ruwa ya samu hanyar sauka.

Kara yana da tsada ga mai dabbobi, ba wanda zai musa. Duk da haka manomin Matameye ya bar ko da kaɗan a kan faƙon gonarsa bana, ya kuma ɗauke gatari daga tohon gawo.