Daga akwatin asusu zuwa kujerar kansila

A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Abin kamar adashi ne, amma da bambanci. Mata kamar 25 ko 30 suke haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, ko dala 20 ce. Kuɗin suna zama cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, makullan kuma a hannun mata 3 dabam-dabam. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Mai son jari ta ranta, ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba.

Mu a ganinmu nan ne makarantar. Matar da ta saba zaɓen shugaba da ma'aji, ta saba cewa "a sake ƙirgawa" in lissafi bai cika ba, ba ta jin nauyin tambayar magajin gari inda kuɗi suka shiga.

Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 ranar 24 ga Yuli 2004, jam'iyyu suka shiga neman mata ruwa a jallo, kuma cikin waɗanda suka ci akwai ƴan asusu. Wasu, gaskiya, cike gurbi kawai aka yi da sunansu. Amma wasu sun kai maganar rijiya da ɗakin haihuwa har zauren majalisa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi. To amma ƴan kasuwa, tikitin da ake yanka muku ranar kasuwa bai tsaya ba, patanti ma haka. Daga cikin kuɗin nan ya kamata a kwashe shara, a gyara rumfuna da magudanai kafin damina.

Mace guda in ta je ofishin magajin gari, sai a ce ta dawo gobe. Mata 30 da shugabarsu da littafinsu, da wuya a bar su a tsaye. Ku adana tikitinku, ku tara su a ƙungiya, ku je da jimillar a rubuce, ku tambayi kantoma ranar da za a soma yashe magudanar kasuwarku.