Gardamar Farin Fili: Abin Da Ke Raba Kan Masu Rubuta Wa Kwamfuta Umarni

A cikin sana'o'in zamani da wuya a sami wadda ma'abotanta suka fi son gardama a kan ƙaramin abu kamar ta masu rubuta wa kwamfuta umarni, watau masu tsara manhaja. Mutane ne masu zurfin ilmi, waɗanda bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama suka dogara ga aikinsu, amma shekara da shekaru ke nan suna ja-in-ja a kan abin da ko tawada ba ya ci, watau farin filin da ake bari a farkon layi.

Ga yadda abin yake. Umarnin kwamfuta layi-layi ake rubuta shi, kuma wani umarnin yana ƙarƙashin wani, kamar a ce in kuɗin mutum a banki ya kai kaza a biya shi, in bai kai ba a hana. Domin mai dubawa ya gane wane layi ne ke ƙarƙashin wane, sai a matsar da na ƙasan zuwa dama kaɗan. Hanya biyu ake bi. Ko dai a buga dogon maɓallin nan mai ba da tazara sau 2 ko sau 4, ko kuwa a buga maɓallin tab sau ɗaya, wanda aka gada daga tafireta, inda akawuna ke amfani da shi wajen jera alkaluma a sahu. A ido duka ɗaya ne, amma a wurin na'ura haruffa ne dabam-dabam.

Masu goyon bayan tab sun ce kowa yana iya saita faɗinsa yadda ya ga dama a na'urarsa, har mai raunin gani ya faɗaɗa shi don ya ji daɗin karatu. Masu tazara kuwa sun ce ai nan ne ɓarnar take, gama rubutun da ya jeru sarai a wurin wanda ya yi shi sai ya isa wurin abokin aikinsa a karkace. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya fara manhajar Linux a 1991, ya kafa wa masu taya shi aiki dokar tab mai faɗin harafi 8. Hujjarsa ita ce duk wanda ya ga wurin ya yi masa kaɗan, to shi ne ya cusa umarni cikin umarni fiye da kima, sai ya koma ya gyara tsarinsa. Masu harshen Python kuma, a cikin ƙa'idar da suka fitar a 2001, suka tsaya a kan tazara 4. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Har ila yau akwai rigimar baka, watau alamun nan biyu masu lanƙwasa da ake buɗe rukunin umarni da rufe shi da su. Brian Kernighan da Dennis Ritchie, a littafinsu na harshen C da ya fito a 1978, sun riƙa ajiye bakar buɗewa a ƙarshen layi. Wani salon da ake jingina wa Eric Allman ya ba ta layi nata ita kaɗai. Na'ura ba ruwanta da ko wanne, amma mutanenta har yau ba su shirya ba.

Yawancin waɗannan al'adu gado ne. A 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai huji wanda ke ɗaukar harafi 80, kuma a kan irinsa aka riƙa rubuta umarni shekaru da dama, kowane layi da katinsa. A harshen Fortran na 1957 gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar layi ne, na 6 na nuna ci gaba ne daga katin baya, sa'an nan umarni ya fara daga na 7 ya tsaya a na 72. Katin ya daɗe da bin tarihi, amma ƙa'idar Python har yanzu tana neman kada layi ya wuce harafi 79, kuma sai a 2020 masu Linux suka sassauta tasu iyakar daga 80 zuwa 100. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa.

To, mai karatu zai ce wannan ai gardamar masu ƙoshi ce. Abin da ya faru a watan Fabrairu na 2014 ya nuna akwai abin tsoro a ciki. A lokacin ne kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyinsa na iPhone, bayan 'yan kwanaki kuma ga kwamfutocinsa, saboda wani kuskure a sashen da ke tabbatar da cewa shafin banki ko na wasiƙu da mutum ya shiga shi ne na gaskiya. Da aka duba rubutun sai aka ga layi ɗaya ne tak, mai kalma biyu, "goto fail", ya fito sau biyu a jere. Ma'anarsa a tsallake zuwa ƙarshen aiki, kuma an sa shi ne don ya yi aiki in an ga matsala kawai. Duka layukan biyu an matsar da su ciki daidai wa daida, don haka ido na ganinsu a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. Amma da yake ba a kewaye su da baka ba, harshen C na farkon kaɗai ya ɗaura wa sharaɗin. Na biyun ya zama saki-na-dafe, kullum sai ya yi aiki, ya tsallake binciken ƙarshe na sa hannu, na'ura kuma ta ce komai lafiya. Da haka ɓarawon da ya shiga tsakanin mutum da bankinsa a kan hanyar sadarwa yana iya karanta abin da aka ɗauka a rufe yake. Farin filin ya gaya wa ido magana ɗaya, na'ura ta ji wata. Hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. A 2016 masu GCC, manhajar da ke juya rubutun C zuwa abin da na'ura ke ganewa, suka ƙara mata gargaɗi musamman domin irin wannan matsar da layi mai yaudara.

Neman kuskure kuwa tun ran gini tun ran zane ne. Maurice Wilkes, wanda ya shugabanci ƙera kwamfutar EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa tun a 1949, yana tsakanin hawa da saukar bene, ya farga cewa babban rabo na sauran kwanakinsa zai tafi ne wajen farautar kurakuran da shi da kansa ya yi. Shekara 2 kafin nan, ranar 9 ga Satumba 1947, ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun zaƙulo wani ƙwaro irin mai bin fitila da dare, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, ya maƙale a cikin na'urar. Suka manna shi a littafin aikinsu, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Injiniyoyi sun riga sun saba kiran matsalar inji ƙwaro tun zamanin Thomas Edison, abin dariyar shi ne a ranar sun kama na gaske. Ranar 22 ga Yuli 1962 kuma kumbon Mariner 1, da Amurka ta harba zuwa tauraruwar Zara, ya kauce hanya, aka tarwatsa shi da gangan bai cika minti 5 da tashi ba. Cikin dalilan har da wata 'yar alama guda da aka tsallake wajen kwafe lissafin da ke yi masa jagora.

Na yau da kullum bai kai wannan tsada ba, sai dai cin rai. Mutum ya manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen wani layi, na'ura ta kai ƙarar layin da ke bayansa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko ya sa alamar daidai guda ɗaya inda ake son biyu, maimakon ya tambayi na'ura ko adadi kaza ne, sai ya zama ya umarce ta ta mai da shi kaza. Ko ya manta cewa harsuna da yawa daga sifiri suke fara ƙirga, abu na 10 ya zama mai lamba 9. Mafi ban haushi shi ne kuskuren da ke ɓacewa da zarar an sa masa ido, ya dawo bayan an kai wa mai kaya aikinsa. Sau da yawa mai rubutun zai kwana a kan layi 20 bai ga komai ba, abokinsa ya leƙo ta kafaɗarsa ya nuna masa cikin minti ɗaya, gama laifi tudu ne. Shi ya sa wasu ke ajiye 'yar agwagwar roba a tebur, su yi ta yi mata bayanin aikinsu layi bayan layi, dabarar da wani littafi na Andrew Hunt da David Thomas ya yayata a 1999. Kafin su kai ƙarshe sukan ji kuskuren da bakinsu.

Wasu sun nemi kashe gardamar daga tushe. Guido van Rossum, mutumin Holan da ya fito da Python a 1991, ya mai da farin filin doka: abin da ido ya gani a ƙarƙashin sharaɗi, shi ne na'ura ma za ta ɗauka, kuma tun fitowar Python 3 a 2008 wanda ya cakuɗa tab da tazara ta hanyar da za ta rikita ma'ana, aikinsa ba ya tashi. Kamfanin Google, da ya fito da harshen Go a 2009, ya haɗa shi da wata manhaja mai suna gofmt wadda ke jera wa kowa rubutunsa a salo ɗaya, ko ya so ko ya ƙi. Tab ta zaɓa.

Wani gadon kuwa ya ƙi gyaruwa. A 1976 Stuart Feldman na ɗakin binciken Bell ya rubuta manhajar make, ya sa sharaɗin cewa layin umarni da tab zai fara. Bai daɗe ba ya gane zaɓin bai yi kyau ba, amma a lokacin mutum wajen 12 sun riga sun fara aiki da ita, bai so ya ɓata musu nasu ba, sai ya bar ta haka. Har gobe, in ba an sauya saitinta da gangan ba, wanda ya buga tazara a wurin nan make za ta ƙi aikinsa, shi kuwa yana kallon layin bai ga abin da ya raba shi da na sama ba.