Ina Raccah Rovers Ta Shiga?

Duk wanda ya bi ta Sanyinna da la'asar zai tarar da yara a fili suna ta buga tamaula, wannan da rigar Chelsea, wancan da ta Barcelona. Da za mu tsai da su mu tambaye su Raccah Rovers, sai su yi ta kallonmu. Alhali kuwa a zamanin kakanninsu, ba kulob ɗin da ya kai ta suna a Arewa.

Kano ce gidanta. Sunan kuma na Raccah ne, wani attajiri mutumin Tarabulus wanda ya zauna a Kano, ya shahara wajen sayen gyaɗa. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Shooting Stars ta Ibadan ta hana ta. Shekara ta zagayo, a 1978, sai ga ta zakaran Nijeriya duka, a lokacin da Rangers ta Enugu ke tashe. Ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da dattawa suka fi tunawa shi ne ran 26 ga Afrilu, 1978. Kulob ɗin Fluminense na ƙasar Birazil ya zo Kaduna don ya kara da ita. Pele kuwa, wanda ya ci kofin duniya har sau uku, ya riga ya aje ƙwallo tun 1977, ga shi bai taɓa zama ɗan Fluminense ba. Duk da haka ya sa rigarsu ya shiga fili. Baƙi suka ci biyu, 'yan Kano ɗaya. A ganinmu, wannan kaye ya fi wata nasarar daraja.

Su ma baƙin sun san yadda kulob yake mutuwa. Wasan farko da Fluminense ta yi a 1902, da Rio Football Club ta yi shi, ta zuba mata 8 ba ko ɗaya. Fluminense tana nan har yau, Rio kuwa ta daɗe da watsewa.

Haka ta faru da Raccah Rovers. Kofi ba ya biyan 'yan wasa, ba ya sayen man mota zuwa Legas. Da aka kafa Kano Pillars a 1990, wasu kulob uku aka haɗa, babu ita a ciki.